Famfon baklofen: abin da ke faruwa idan maganin ya yanke farat ɗaya

Yawancinmu mun ɗauka cewa idan mutum ya daina amfani da wani magani, iyakar abin da zai same shi shi ne ciwon da ake yi wa maganin ya dawo yadda yake a da. A lokuta da dama haka abin yake, domin wanda ya daina shan maganin ciwon kai ba abin da zai gani sai ciwon kan nasa. Amma wannan hukunci bai hau kan maganin baklofen da ake ɗiga wa mutum kai tsaye cikin ruwan lakarsa ta hanyar famfon da aka dasa masa a jiki ba, kuma rashin sanin hakan ya yi sanadin salwantar rayuka. Ni ba likita ba ne. Ina rubutu ne a matsayin wanda ke kula da ƙanensa, wanda rauni a laka ya zaunar da shi a keken guragu, kuma ya shekara da shekaru yana ɗauke da irin wannan famfo a gefen cikinsa. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, ga mai ɗauke da famfon, yankewar magani ba komawa halin da ba ce, shiga wani sabon hali ne da ya fi na da haɗari nesa ba kusa ba.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da ake yi wa maganin. A jikin lafiyayye, ƙwaƙwalwa ba umarnin motsi kaɗai take aika wa tsoka ba, tana kuma aika saƙon da ke danne motsin da ba a buƙata, kamar yadda direba yake tafiya ƙafarsa na kusa da birki. Idan hanyar da wannan saƙo yake bi ta lalace, ko saboda rauni a laka, ko shanyewar ɓarin jiki, ko bugun da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko larurar ƙwaƙwalwa da ke samun yaro tun yana ciki ko wajen haihuwa, ko cutar nan da garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyi wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, sai jijiyoyin laka su riƙa aiki ba mai tsawata musu. Daga nan tsoka take sanƙarewa. Ƙafafu su miƙe su ƙi lanƙwasuwa, ko su harɗe har a kasa raba su a yi wa mutum wanka, ko tafin ƙafa ya taɓa matakin keke sai ƙafar ta kama karkarwa ba ƙaƙƙautawa. Wanda bai taɓa ganin wannan ba zai yi wuya ya yarda cewa ƙafar da mai ita ba ya iya ɗaga ta tana da ƙarfin da za ta jefo shi daga kan kujera.

Baklofen tsohon magani ne. Wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Heinrich Keberle ne ya haɗa shi a shekarar 1962 a kamfanin Ciba da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan, da nufin a yi maganin farfaɗiya da shi, amma bai yi abin da aka sa rai ba a wannan fanni. Daga baya aka lura yana sassauta sanƙarewar tsoka, kuma a farkon shekarun 1970 aka fara ba da shi don haka. Aikinsa shi ne kwaikwayon wani sinadari da jijiyoyi ke amfani da shi wajen kwantar da juna, wanda ake kira GABA, ta hanyar maƙalewa a wasu gurabe na jikin jijiya da aka raɗa wa suna GABA-B. Matsalar ƙwayar da ake haɗiya ita ce, akwai shinge tsakanin jini da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, kuma baklofen ba ya ƙetare shi sai ɗan kaɗan. Saboda haka sai an sha da yawa kafin ɗan abin da ake buƙata ya isa laka, kuma kafin a kai ga haka majinyaci ya cika da barci, jiri da kasala. A shekarar 1984 ne likitan fiɗar ƙwaƙwalwa Richard Penn da abokin aikinsa Jeffrey Kroin a birnin Chicago na Amurka suka ba da rahoton zuba maganin kai tsaye cikin ruwan laka. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da wannan hanya a 1992 ga waɗanda larurarsu ta samo asali daga laka, sannan a 1996 ga waɗanda tasu ta fito daga ƙwaƙwalwa.

Bambancin adadin da ake buƙata abin mamaki ne. Mai shan ƙwaya yakan kai miligiram 80 a yini, alhali yawancin masu raunin laka da ke da famfo suna samun biyan buƙata da maikirogiram 300 zuwa 800 a yini, wato ƙasa da miligiram ɗaya. Kafin a dasa famfon ma, allurar gwaji da ake yi a baya takan fara ne da maikirogiram 50 kacal, kuma ina iya tuna yadda ƙafafun ƙanena suka saki bayan 'yan sa'o'i da yi masa ita, har na iya lanƙwasa gwiwarsa da hannu ɗaya. Shi famfon ɗan faifai ne na ƙarfe mai cika tafin hannu, ana dasa shi ƙarƙashin fatar ciki, sannan a zagayo da wani siririn bututu ta ƙarƙashin fata zuwa baya, a cusa shi tsakanin ƙasusuwan gadon baya har bakinsa ya zauna cikin ruwan laka. Dare da rana yana ɗiga maganin, ba ƙara ba motsi.

A wannan ɗigon da ba ya tsayawa ne haɗarin yake kwance. Jijiyoyin da suka yi watanni ko shekaru suna jiƙe da magani mai ƙarfi ba sa zama yadda suke. Suna rage yawan guraben da maganin ke maƙalewa, suna rage jin tasirin abin da ke kwantar da su, suna daidaita kansu bisa zaton cewa maganin zai ci gaba da zuwa har abada. Ranar da ya yanke, ba birkin da aka ƙara musu kaɗai suka rasa ba, ɗan ragowar nasu na asali ma ya riga ya yi rauni. Ga shi kuma jiki ba ya ajiye komai na gobe. Ruwan laka da ƙwaƙwalwa na babban mutum bai wuce kimanin mililita 150 ba, amma jiki yana samar da kusan mililita 500 a kowace rana, ma'ana ruwan yana sabuntuwa sau uku ko fiye a yini, kuma duk lokacin da tsohon ya tafi yana tafiya da maganin da ke cikinsa. Wannan ne ya sa alamun yankewa suke bayyana cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, kuma lamarin yake iya kaiwa maƙura tsakanin kwana ɗaya zuwa uku.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne, a mafi yawan lokuta ba wanda ya yanke shawarar tsayar da maganin. Da kansa yake yankewa, a cikin jiki, inda ido ba ya gani. Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ƙarewar magani a rumbun famfon. Ɗaya daga cikin samfuran da aka fi dasawa, SynchroMed II na kamfanin Medtronic, rumbunsa yana cin mililita 20 ko 40, kuma ana sake cika shi bayan wata ɗaya zuwa wata shida gwargwadon yawan maganin da mutum ke amfani da shi, ba a barin maganin ya wuce kwana 180 a ciki. Wanda ya tsallake ranar cikawa saboda tafiya, ko mantuwa, ko ganin cewa jinkirin mako ɗaya ba zai yi komai ba, ya jefa kansa cikin haɗari da hannunsa. Sai batir, wanda ba a cajinsa kuma ba a canza shi shi kaɗai. An tsara wannan samfuri ya tsaya da kansa idan ya cika shekara bakwai, yana kuma ba da gargaɗi kwana 90 kafin ƙarshen aikinsa domin a shirya tiyatar sauya shi. Akwai kuma kuskuren ɗan Adam wajen saita na'urar, domin maganin yana zuwa da ƙarfi daban-daban, akwai mai maikirogiram 500 a kowace mililita akwai mai 2000, kuma idan aka zuba mai rauni aka gaya wa na'urar mai ƙarfi ne, majinyaci zai riƙa samun kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba ba tare da kowa ya sani ba. Haka nan hoton MRI yana tsayar da injin famfon na ɗan lokaci saboda ƙarfin maganaɗisu. Galibi yana ci gaba da aiki da kansa bayan an fito, amma ƙa'ida ita ce a duba shi da na'urar saiti, wato na'urar da ma'aikatan asibiti ke karanta famfon da saita shi da ita daga wajen jiki, a tabbatar ya tashi, kuma wannan dubawa ba abin da za a ce sai gobe ba ne.

Duk da haka, bututun ne ya fi yawan ba da matsala, kuma shi ne ya fi yaudara. Yana iya lanƙwashewa, ko ya tsage, ko ya cire daga mahaɗarsa, ko bakinsa ya zame ya fita daga cikin ruwan laka. Famfon yana da ƙararrawa, yana yin ƙara idan magani ya kusa ƙarewa, ko batir ya yi sanyi, ko injin ya tsaya, amma bai san abin da ke faruwa a bututu ba. Idan bututu ya cire, famfon zai ci gaba da juyawa yana zubar da maganin a cikin nama, lissafinsa yana nuna komai daidai, ƙararrawa ba za ta yi ko tari ba. Na sha jin masu jinya suna cewa hankalinsu kwance yake tunda famfon bai yi kuka ba, kuma duk lokacin da na ji haka sai gabana ya faɗi, domin shirun famfo ba shaida ba ce cewa maganin yana isa inda ake so. Ita ma ƙararrawar ba ta da ƙarfi sosai, tana fitowa ne daga ƙarƙashin fata da tufafi, wanda bai taɓa jin ta ba yana iya ɗaukar ta ƙarar agogo ko waya. Ya kamata kowane iyali su nemi a kunna musu ita a asibiti su ji da kunnensu.

Na daɗe ina tsayawa kusa idan ana cika wa ƙanena famfo, kuma akwai wani ɗan mataki da na koyi zuba wa ido. Bayan an wanke fatar an lalubo tsakiyar faifan da yatsa, ana soka allura ta ratsa fata ta shiga wata 'yar ƙofa ta roba har a ji ta taɓa ƙarfe a ƙasa. Kafin a zuba sabon magani, sai an zuƙe ragowar tsohon an auna shi a sirinji, sannan a gwada shi da adadin da na'urar saiti ta ce ya kamata ya rage. Idan na'urar ta ce saura mililita uku amma aka zuƙo goma, to famfon bai kasance yana fitar da abin da ya kamata ba, kuma dole a nemi dalili. Akwai kuma haɗarin allurar ta kauce wa ƙofar, a zuba maganin duka a aljihun naman da famfon ke zaune a ciki. Idan haka ta faru majinyaci yana fuskantar masifa biyu a jere, da farko maganin ya yi masa yawa ya sa shi barci mai nauyi da raunin numfashi, daga baya kuma rumbun da aka zaci cike yake ya ƙare tun kafin lokaci. Shi ya sa ba na gaggawar barin asibiti bayan cikawa, kuma a daren ranar nakan leƙa shi fiye da yadda na saba.

Alamun farko ba su da ban tsoro, kuma wannan ne yake sa a yi sakaci da su. Sanƙarewar da aka manta da ita ta dawo, sau da yawa fiye da yadda take kafin a dasa famfon. Jiki ya kama ƙaiƙayi ba tare da ƙuraje ko wani tabo a fata ba. Mutum ya riƙa jin tsikari ko wani yam-yam a gaɓoɓi, ya kasa samun natsuwa, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa gumi, jininsa ya sauka ko ya riƙa hawa da sauka. Ga maza akwai wata alama da kunya kan hana a faɗa, wato miƙewar gaba mai daɗewa ba tare da sha'awa ba, kuma ya kamata mai jinya ya san da ita domin majinyaci ba lallai ne ya furta ba. Idan ba a ɗauki mataki ba, sai zazzaɓi mai zafi ya shigo, bugun zuciya ya ƙaru, hankali ya fara gushewa, mutum ya riƙa sambatu ko ganin abin da babu shi, wani ya kama jijjiga irin ta farfaɗiya, jiki duka ya sandare. Tsokar da ta daɗe a ɗaure haka takan fara narkewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda, fitsari ya yi duhu ya ragu. Daga nan hanta, zuciya da daskarewar jini duk suna iya rikicewa, kuma a nan ne ake rasa mutum.

Wannan ba hasashe ba ne. A cikin shekaru tara na farko bayan fara amfani da maganin a Amurka, an kai rahoton mutum 27 da suka shiga wannan hali, shida daga cikinsu suka rasu. A shekarar 2002 aka sanya wa takardar maganin gargaɗi mafi tsanani da hukumar FDA ke sanyawa, wanda ake zagaye shi da baƙin layi a saman takarda, kuma yana nan a kan Lioresal na laka da kuma Gablofen da ya zo daga baya, sunayen kasuwa biyu na baklofen ɗin da ake zubawa a laka. Gargaɗin ya bayyana cewa duk mai ɗauke da famfon yana cikin wannan haɗari, ko da wane dalili ne ya sa maganin ya yanke, amma ya ware wasu da ya kamata a fi sa wa ido: masu rauni a laka daga ƙashin baya na shida na ƙirji zuwa sama, waɗanda ba sa iya bayyana abin da ke damunsu, da waɗanda suka taɓa shiga halin yankewar baklofen a baya.

Mu ma mun taɓa ganin bakin wannan rami. Wani dare ƙanena ya kira ni ya ce, "Yaya, jikina ƙaiƙayi yake yi, wuyana da ƙirjina kamar ana yi mini tafiya a kai." Na haska fitila na duba, ba ƙurji ko ɗaya, fatar sumul, amma ya soshe ta har ta yi ja. Da na zo gyara masa kwanciya sai na ji ƙafar dama ta ƙi lanƙwasuwa, na ɗan taɓa tafinta ta kama karkarwa, abin da rabona da gani tun kafin a yi masa aiki. Ba a daɗe da cika famfon ba, batir da sauransa, ƙararrawa kuma shiru. Ban jira gari ya waye ba. Kafin mu isa sashen agajin gaggawa jikinsa ya ɗauki zafi, yana amsa tambaya a makare. Likitan da ya karɓe mu ya fara zargin ciwon mafitsara da ya shiga jini, kuma ban ga laifinsa ba, domin a mai raunin laka da ke amfani da robar fitsari wannan ne zato na farko da kowane likita zai yi. Na miƙa masa katin famfon da takardar da muke yawo da ita na ce, "Likita, don Allah a duba wannan ma, yana da famfon baklofen, kuma ƙaiƙayi ne ya fara kafin zazzaɓin." Ya karanta, ya kira masu kula da famfon a waya, aka fara ba shi magani ta jijiya da ƙwayar baklofen, ba tare da an fasa binciken ciwon mafitsarar ba. Hoto ya nuna bututun ya rabu a mahaɗarsa. Aka gyara da tiyata, cikin ikon Allah ya tashi ƙodarsa ba ta taɓu ba.

Na kawo wannan ne saboda abu ɗaya, wato yankewar baklofen tana shigar kamannin wasu cututtuka da likitocin gaggawa suka fi sabawa da su. Tana kama da cutar da ta bazu a jini, tana kama da sanƙarau, tana kama da mummunan zazzaɓi da sandarewar da wasu magungunan taɓin hankali ko na sa barci wajen tiyata kan haddasa. Ga masu rauni a saman laka kuma tana rikicewa da wata larura tasu ta daban, inda cikar mafitsara ko taurin bayan gida ke sa jini ya hau farat ɗaya da matsanancin ciwon kai da gumi. Masu ɗauke da wannan famfo ba su da yawa, likita yana iya yin shekaru yana aiki bai haɗu da ko ɗaya ba, famfon kuma yana ƙarƙashin riga. Idan majinyaci ya rikice ba ya iya magana, to wanda ya kawo shi ne kaɗai zai iya faɗin kalmar da za ta juya akalar binciken, kuma a ganina wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan iyali ko sun so ko ba su so ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk ƙaruwar sanƙarewa ce ke nufin famfo ya samu matsala ba. Ciwon mafitsara, taurin bayan gida, gyambon kwanciya, farcen da ya shige nama, har da takalmin da ya matse, duk suna tayar da sanƙarewa, kuma su ne suka fi yawa. Amma tantance wannan daga wancan aikin likita ne da na'urar saiti da hoto, ba aikin da za a zauna a gida ana canki-canka ba. Wanda ya je asibiti aka ce masa ciwon mafitsara ne, ya yi asarar barcin dare ɗaya. Wanda ya zauna yana jira alhali bututu ne ya cire, abin da zai iya rasawa ba ya dawowa.

Maganin wannan hali na haƙiƙa shi ne a mayar da baklofen cikin ruwan laka da gaggawa, daidai ko kusa da adadin da mutum ya saba, ko ta cika famfon, ko gyara saitinsa, ko gyara bututu, ko kuma a yi allura a baya ko a sa bututun wucin gadi kafin a shirya tiyata. Kafin a kai ga haka ana tallafa wa majinyaci da magungunan dangin diyazefam, sau da yawa ta jijiya, domin su ma suna kwantar da jijiyoyi ta wata ƙofar GABA ta daban, ana ba shi ruwa don kare ƙoda, ana sauko da zafin jiki, kuma idan abin ya yi tsanani a kwantar da shi a sashen kulawa ta musamman inda za a iya taimaka masa da numfashi. Likitoci sun yi amfani da wasu magungunan kamar dantirolin, saifuroheftadin da furofofol a matsayin ƙari. Batun da nake son in ja hankali a kai shi ne na ƙwayar baklofen da ake ba iyalai su ajiye don ko ta kwana. Tana da amfani, kuma ya kamata a ajiye ta a riƙa duba wa'adinta, a kuma samu rubutaccen umarnin likita kan yadda za a ba da ita. Amma takardar maganin da kanta ta yi gargaɗi cewa kada a dogara da ƙwaya ita kaɗai wajen tsayar da wannan hali, kuma dalilin shi ne shingen nan da ya sa aka dasa famfon tun farko. Ƙwayar tana saya wa mutum lokacin isa asibiti ne, ba ta maye gurbin zuwa asibitin. Haɗarinta ma shi ne ta ɗan lafar da alamu, iyali su saki jiki, abin ya ci gaba da ci ta ƙasa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran da ke da larurar ƙwaƙwalwa waɗanda ba sa magana, da manyan da bugu a kai ya raba su da harshe. Ƙanena ya iya cewa jikinsa na ƙaiƙayi, su kuwa ba za su ce ba. Abin da za a gani shi ne kuka ba dalili, ƙin barci, banƙarewa, gumi, goga fuska ko jiki a jikin shimfiɗa, da wahalar sa musu tufafin da jiya aka sa cikin sauƙi. Uwar da ke wanke yaronta kullum ta san taurin jikinsa a hannunta fiye da kowace na'ura, kuma idan ta ce yau ba haka yake ba, ina roƙon ma'aikatan lafiya su ɗauki maganarta a matsayin alamar ciwo, kada a ce damuwar uwa ce.

Akwai lokutan da dole a tsayar da maganin da gangan, kuma nan ma ƙa'idar ba ta canzawa. Idan majinyaci ya ga ba ya son famfon kuma, ko likita ya ga amfaninsa ya ƙare, ana rage adadin ne kaɗan-kaɗan cikin makonni, ana lura da jiki a kowane mataki, ana shigo da ƙwaya a hankali. Abin da ya fi wuya shi ne idan ƙwayar cuta ta kama aljihun famfon ko ta bi bututu ta kai ga ruwan laka, inda dole a cire komai ba tare da samun sararin ragewa a tsanake ba. A irin wannan hali ana cirewa ne a asibiti tare da shirin tarar yankewar tun kafin ta zo, kuma haƙƙin iyali ne su tambayi mene ne shirin kafin a shiga ɗakin tiyata. Ko ƙwayar baklofen ta baki ma, ga wanda ya daɗe yana sha, ba a yanke ta lokaci ɗaya, domin tana iya jawo ruɗewa, gane-gane da jijjiga.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina hana mutane famfon. Ya canza rayuwar ƙanena, ya ba shi barci, ya ba shi zama a kujera ba tare da an ɗaure shi ba, ya rage masa ciwo, kuma da za a sake tambayar mu da mun sake amincewa. Amma ina ganin bai kamata a dasa shi ga kowa ba sai an zauna an amsa wasu tambayoyi da gaskiya: wa zai riƙa kai majinyaci cikawa a kan lokaci shekara bayan shekara, ina ne wuri mafi kusa da ke da na'urar saiti da wanda ya iya aiki da ita, wa za a kira da tsakar dare, kuma me za a yi idan shekara bakwai ta cika. Idan babu amsa mai ƙarfi ga waɗannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi, a ci gaba da ƙwaya, da gashi da motsa jiki, da allurar botulinum mai sassauta tsoka a tsokar da ta fi matsa wa mutum, har a samu hali.

A wajenmu tsarin da muka zauna a kai ba shi da wuya. Ranar cikawa muna sa ta kafin ranar da na'ura ta ce ƙararrawa za ta yi, da tazarar da ko wani abu ya gifta ba za a kai gaɓa ba, kuma ba ni kaɗai na san ranar ba a gidan. Kafin mu bar asibiti nakan karɓi takardar da na'urar ta buga in duba ƙarfin maganin, adadin yini, ranar ƙararrawa da watannin da suka rage wa batir, in gwada su da na takardar baya, idan na ga bambanci in tambaya. Kwafin wannan takarda yana cikin aljihun kekensa tare da katin famfon, da lambar masu kula da shi, da ɗan bayani da likitansa ya rubuta wa duk likitan gaggawa da zai karɓe shi. Idan tafiya ta kama, ba ma tashi sai mun san asibitin da ke iya buɗe irin famfonsa a inda za mu, kuma idan ranar cikawa za ta faɗo muna can, sai a cika kafin mu tafi.